Zayyanar da Malam Isa ya ɗora kan tudu

Har yau ban manta da ranar da Baturen safiyo ya kira ni ofis ni kaɗai a Wurno ba. Lokacin ni mai jan sarƙa ne, wato ni ke miƙa sarƙar awo daga turke zuwa turke. Malam Isa, Allah ya jiƙan shi, shi ke zana taswira. Da can marubucin Alƙur'ani ne a Rabah, don haka duk taswirar da ya gama sai ya yi wa sunan gundumar zayyana da ja da kore a kusurwar takarda.

Da rani muka yi awo a wata unguwa gabas da Kagara, ƙasar Goronyo. Mutanen ba su yarda da mu ba. Ruwa ma a bakin zaure suke aje muna su koma. Rana ta uku mai unguwa ya ja Malam Isa gefe, ina tsaye. Ya ce a kan tudunsu akwai kabarin kakansu, wanda ya mutu bai bi Nasara ba, kuma suna tsoron in ya shiga takarda a zo a tone. Malam ya ce ya ji.

Da taswira ta fito, sai ga zayyana ta baro kusurwa ta hau kan tudun, ta rufe wurin kabarin.

Ranar da ya kira ni ofis, Bature ya daɗe yana duba taswirar. Ya ce mun kwana uku a wurin, ina abin da muka auna? Na san in ya gane an ɓoye wuri, korar Malam za a yi, kuma gobe za a koma da sarƙa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, mi za a auna? Ƙaya ce da tsakuwa."

Ya dube ni, ya dubi takarda, ya sa hannu.

Da na fito, Malam Isa na zaune yana feƙe alƙalami. Bai tambaye ni abin da na faɗa ba. Amma daga ranar ya daina magana in ina kusa, wataƙila ya zaci na tona shi, ni kuma nauyi ya hana ni fara zancen. Haka muka yi aiki har ya rasu.

Taswirar na nan rataye a ofis, ku ma'aikatan yanzu kuna wucewa kuna yaba adonta. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, mai zane yakan rufe wuri don amanar wani. In kun ga ado inda bai saba zama ba, ku yi wa mai shi addu'a.