Zaren Gizo-gizon Farfesa Rudloff

Farfesa Anselm Rudloff ɗan mai gyaran agogo ne, kuma har ya mutu bai iya ɗaure igiyar takalminsa da kyau ba. Ni Trude, ni na yi masa girki da shara tun ranar da aka ba shi shugabancin gidan duban taurari na kan tudun garinmu. Ban taɓa shiga aji ba, amma kallo ɗaya na yi masa na san yunwa za ta iya kashe shi ga tukunya a gabansa.

Ya zo da baƙin gashi da amaryarsa Ottilie. Sanyin tudun ya sa mata tari, muka binne ta a bayan coci. Bai ƙara aure ba. Wa ma za ta aure shi? Rana ce lokacin barcinsa, kuma ya hana hura wuta kusa da ɗakin madubin hangen nesa, wai zafi yana sa taurari rawa.

Dokar da ta fi ba ni haushi ita ce ban da share yanar gizo-gizo. A cikin babban madubin hangen nesa akwai siririn zare da yake auna wucewar tauraro da shi, kuma na gizo-gizo ne, don babu masaƙin da ya iya irinsa. Duk shekara in ƙanƙara ta narke, sai ya zauna bakin taga da hantsi, ya ɗauko zare da ɗan ƙarfe mai baki biyu, ya shimfiɗa sabo. Yakan ce ranar da shugaba ya kasa wannan da hannunsa, ya tattara kayansa.

"Ranka ya daɗe, matan gari suna kirana ƙazama," na ce.

"Ki ce musu gizo-gizon nan ma'aikatan gwamnati ne. Sun ma fi mataimakina aiki."

Ya tsufa a tudun, ba shi da wani gida sai shi. Da idonsa ya fara hazo, matar mataimakin nan har ta fara auna tagoginmu da ido, tana shirin tarewa.

Shekarar ƙarshe ya zauna kamar kullum, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya gama, ya yi murmushi.

"Zo ki gani, tsohuwa. Zaren ya miƙe?"

Na leƙa. Babu komai. Zaren ya tsinke tun farko, ya maƙale masa a riga. In na yi shiru, kafin yamma wasu za su gani, kuma su dariya za su yi.

"Babu zare, ranka ya daɗe. Ga shi can a hannun rigarka."

Ya daɗe yana shafa rigar.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka cire wa rigar ruwan da ke rataye hula, ka tambaye ta lafiyar iyali."

"Bakinki dai, Trude." Ya ajiye ƙarfen a hankali. "Sauko mini da akwati."

Muka kama ɗaki a saman shagon mai burodi. Yakan ci dankalinsa da kabeji, ba ya cewa komai game da tudun. Sai dai in rana ta kusa faɗuwa ya juyo wajen da yake jin motsina.

"Trude, yaya sama?"

"Hadari ko'ina. Ba ka rasa komai ba."

"To, madalla," in ji shi.

Haka nake gaya masa kullum, har watan da ya rasu. A watan kuwa sama tas take, ko gajimare ɗaya babu.