Malam Dalhatu Mai Wanke Burtsatse da Iska

Kullum bayan sallar asuba Malam Dalhatu yakan duba man injin iskarsa, ya naɗe igiyar awo, ya loda bututu a tsohuwar a-kori-kura, ya nufi duk inda burtsatse ta ƙi ruwa tsakanin Gwarzo da Kabo. Aikinsa ke nan: ya zura bututu can ƙasa, ya hura iska, kumfa ya ɗauko ruwa da yashi ya watso waje. Tun da aka rage ma'aikata a shekarun tsuke bakin aljihu yake cin gashin kansa da wannan sana'a, amma da wuya ka ji an ambaci sunansa. Wallahi abin da haushi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, masu alwala suka ƙaru a wani masallaci a Getso, sai burtsatsen ta cushe da yashi, ita ce kuma ruwan shan unguwar. Ga wahalar mai. Jarka ɗaya tal aka samo. In ta ƙare ruwa bai zo ba, sai kowa ya koma kududdufi.

Da aka kira Dalhatu ya zo, bai tada inji ba. Ya auna inda ruwa ya fara da inda rijiyar ta ƙare, ya tsuguna yana lissafi a ƙasa da tsinke.

"Malam, aiki muka kira ka ko bugun ƙasa?" in ji Alhaji Datti, shugaban kwamitin masallacin. "Ka san fa yanzu an hana duba."

"Alhaji, in bututun bai nutse sosai cikin ruwa ba, iska ba za ta ɗaga komai ba. Ruwan ya yi ƙasa. A ƙaro bututu."

Aka yi ta tsaki, amma sai da aka je Gwarzo aka aro. Inna Furera, da gidanta ke jikin masallacin, ta ba mu labari cewa da inji ya tashi, jan ruwa ya fara tofowa kaɗan-kaɗan, jama'a suka hau ihu: "Ƙara iska! Mai zai ƙare!" Alhaji Datti ya kai hannu ya murɗe makunnin har ƙarshe. Bututu ya yi gurnani, ya fesa, sai iska zalla.

"Haba Alhaji!" Dalhatu ya janye masa hannu. "In ta yi yawa, ratsa ruwan take ta fice ita kaɗai. Ni na taɓa zuwa rumfarka na auna maka gero?"

Ya rage iskar, ya tsaya yana saurare, ga mai an riga an ƙona a banza. Can ruwa ya dawo, ja, sai fatsi-fatsi, sai garau. Inji ya yi tari ya mutu. Kowa ya ce Alhamdulillahi, ya ruga neman bokiti. Dalhatu shi kaɗai ya kwance bututunsa.

Kai ne, Malam, mai auna rijiya kafin ya yi alkawari. Kai ne ka jure gatse da surutun 'yan kallo, ba ka bar ihu ya murɗa maka inji ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da tafkin Alkausara.

Bana ya ajiye aikin. Matasanmu, ku je ku koya tun yana da ƙarfin nuna muku. Mu da muka sha ruwan kuwa, gidansa na nan a Sabon Birni. In kun je godiya ku ɗaga murya sosai, domin rurin inji ya cinye masa kunne.