Rayuwar Iya Mai Kasko da Yaƙinta da Sanyi

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da Iya Mai Kasko, a damunar shekarar 1946, a wani ƙauye da ke gindin dutse, tafiyar yini guda a ƙafa daga inda mota take tsayawa. Mahaifinta maƙeri ne, mahaifiyarta kuma tana ƙona gawayi tana sayar wa maƙera, saboda haka tun kafin ta yi wayo ta saba da wuta kamar yadda 'ya'yan masunta suke sabawa da ruwa. Ita ce ta shida cikin 'ya'ya goma sha ɗaya, amma huɗu kaɗai suka girma. Sauran duk sun koma tun suna goye, galibinsu da tari da sarƙewar numfashi. A wancan zamani, idan mace ta faɗi adadin haihuwarta, sai an sake tambayarta nawa suka tsaya.

Ƙuruciya

Ba ta yi makarantar boko ba, domin ba a buɗe ta a ƙauyen ba sai a 1961; karatun addini ta samu gwargwadon abin da za ta yi ibada da shi. A shekarar 1955, tana da shekara tara, mahaifiyarta ta tafi daji neman itace ta bar mata ƙanenta jariri wanda yake fama da tari. Ruwa ya sauko, rufin ya yi yoyo, wutar murhu ta mutu, kafin la'asar yaron ya sandare a bayanta. Babu wanda ya ɗora mata laifi. Amma tun daga wannan rana ta ɗauki sanyi a matsayin maƙiyi mai rai, wanda yake laɓe a bakin ƙofa yana jiran a yi sakaci, kuma wannan fargaba ba ta rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta.

Aure da Komawa Birni

A shekarar 1964 ta auri wani leburan jirgin ƙasa, mutum mai haƙuri da yawan barkwanci. Bayan shekara biyu suka koma birni, suka kama ɗaki guda a gidan haya mai iyali goma sha huɗu, rijiya ɗaya, bayi ɗaya. Tsakanin bangon ɗakin da kwanon rufi akwai tazarar da kyanwa take shige da fice, tagar katakon kuwa ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Idan ta yi ƙorafi, maigidan yakan ce, “To ke, wasu ma kuɗi suke biya su sha iska.” A nan ta fara sana'ar guga da dutsen gawayi, tana karɓar kayan ma'aikatan tasha, kuma da wannan sana'a aka riƙa cike gibin albashinsa har tsawon shekara talatin.

'Ya'ya

Ta haihu sau tara tsakanin 1965 da 1986. Ukun farko babu wanda ya kai wata huɗu a duniya. Bayan binne na uku a 1971, ta tafi wurin mahaifinta ya ƙera mata kaskon wuta na ƙarfe, ta kuma kafa wa kanta doka: duk ɗakin da jariri yake, ba za a raba shi da garwashi ba sai wuyan yaro ya tsaya. Takan hura gawayin a waje har hayaƙi ya ƙare, domin a saninta hayaƙi kaɗai ne sharrin wuta, sannan ta shigo da shi, ta bi kafofin ɗaki da tsumma tana toshewa, ko da yake kafofin kullum sun fi tsummanta yawa.

Shida da ta haifa daga baya duk sun rayu. Gaskiya ne a 1973 aka buɗe ƙaramin asibiti a unguwar, aka fara allurar rigakafi, amma ita kasko ta ba wa yabon, kuma babu mai ƙarfin halin yi mata musu. Matan unguwa suka riƙa aika mata da zarar an sauka, daga nan laƙabin ya bi ta.

Sauyin Zamani

Lantarki ya shigo gidan a 1981, famfo ya biyo baya a 1988. Maigidanta ya rasu a 1999. A 2006 'ya'yanta suka haɗa ƙarfi suka gina mata gida na siminti, da firji da tukunyar gas, wadda ta sa aka fitar washegari, tana cewa ba za ta kwana da bam a gida ba. Jikokinta duk a asibiti aka haife su, suna da riguna masu kauri da barguna fiye da buƙata, amma wadatar ba ta kwantar mata da hankali ba. Duk gidan da aka haihu, ita da kaskonta ne baƙin farko.

Ɗanta na uku cikin waɗanda suka rayu, wanda ma'aikacin jinya ne, ya taɓa zaunar da ita ya ce, “Iya, don Allah ki daina. Garwashi a ɗaki rufe yana cinye iska, yana kisa ba a sani ba.”

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Da yana kisa, da wa zai zauna a gabana yana yi mini iyayi? Kai ma a bakinsa ka yi wayo.” Aka yi dariya, maganar ta wuce.

Shekarar Ƙarshe

A watan Yulin 2021, autarta, ma'aikaciyar banki, ta haifi 'ya mace bakwainiya ta hanyar tiyata, bayan shekara goma sha ɗaya da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Jaririyar ta yi mako uku a kwalba kafin a sallame ta. Gidan Auta a hawa na huɗu yake, tagoginsa gilashi ne mai roba a gefe, ƙofofinsa kuma idan aka rufe ko ƙarar titi ba ta shiga. Iya ta zo jinya da kaskon a ƙasan jaka, ta lulluɓe shi da zannuwa. Mijin Auta ya nuna mata na'urar ɗumama ɗaki, ta gyaɗa kai kawai. Da ta karɓi yarinyar, sai ta ji ba ta fi nauyin ƙwarya ba. Kwana tara ta yi tana kai yatsa hancin jaririyar tana duba numfashi, abinci ma sai an yi da ita take ci.

Ranar Talata, 17 ga Agusta, da hantsi, mijin ya kai Auta asibiti a duba mata ɗinki. Bayan fitarsu hadari ya haɗu, ruwa ya kece, aka ɗauke wuta, na'urar ta mutu. Iya ta taɓa ƙafar jaririyar ta ji ta da sanyi. Ta fita baranda ta hura gawayin da ta ɓoye har ya yi jajawur babu ɗigon hayaƙi, ta kai shi ɗakin kwana, ta rufe ƙofa, ta cusa tawul a ƙarƙashinta. Ta zagaya neman wata kafar ba ta samu ba. Karo na farko ke nan a rayuwarta da ta sami ɗakin da ya toshe ruf, har ta yi hamdala.

Ba a jima ba kanta ya yi nauyi, bango ya fara juyawa. Ta ɗauka hawan jininta ne ya motsa, sai wani tsoron ya kama ta, kada ta faɗi a kan yarinyar. Ta rungume ta, ta dafa bango har ƙofar maƙwabciyarsu, wata tela.

“'Yar nan, riƙe mini ita, jiri nake ji. Ki rufe mata ƙafa da kyau.”

“Iya, shigo mana ki ɗan kwanta.”

“A'a, ɗakin zai huce. Bari in ƙarasa ɗumama shi, yanzu zan zo in karɓe ta.”

Ta koma, ta ja ƙofar, ta mayar da tawul ɗin inda yake.

Rasuwa da Jana'iza

Da azahar Auta da mijinta suka dawo, suka tura ƙofar da ƙyar. Suka same ta zaune a ƙasa, ta jingina da gado, mafici a hannunta, ta shanya 'yan rigunan jaririyar a kujera kusa da kasko domin su yi ɗumi. Likita ya tabbatar iskar garwashin ce ta yi ajalinta, tana da shekara saba'in da biyar. An yi mata sutura a ranar bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar da mijinta yake kwance. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ta bar 'ya'ya shida: babbansu direban tirela ne, mai bi masa malamar makaranta, sai ma'aikacin jinya, da mai shagon kayan gini, da injiniyan ruwa, sannan Auta. Ta kuma bar jikoki ashirin da bakwai, ba ta binne ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta ashirin da bakwai ɗin, wato 'yar Auta, ta kwana biyu a asibiti ana ƙara mata iska, aka sallame ta lafiya lau. A shekarar 2025 ta shiga makaranta.