Rami na Huɗu a Sarewar Baffa

Lokacin da nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Korgom, ina da wata ɗabi'a mai ban haushi: duk abin da na ji, sai na san sunansa. An ɗan koya mana sunayen muryoyin kiɗa, do, re, mi, fa, sol, wurin horon malamai, ni kuwa na ɗauki kaina masani.

Bayan lakwal akwai rugar wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa. Shi kuma Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal. Idan shanu sun dawo daga rijiya, yakan zauna ya busa sarewarsa ta gora. Busar nan ta hana ni sakat. Muryoyi biyar nake ƙirgawa, huɗu na gane su, ɗaya ta ƙi zama ko'ina. Ta wuce fa, ba ta kai sol ba, ta tsaya tsakani kamar akuyar da ta ƙi garke.

Na tambaye shi sunan wannan jerin muryoyi.

"Suna kuma, Mushe? Yayana ya huda ta da awon yatsunshi. Shi ya rasu, ita ta rage mini."

Wannan amsa ce? Na yi ta naci sati biyu har ya ba ni aronta, ya ce in maido ta yadda na karɓa.

Ranar kasuwa na hau babur zuwa Tasawa, gidan wani abokina mai kaɗa piyano a bukukuwa. Mutum ne da ko gaisuwa ka yi sai ya gyara maka ita. Ya busa, ya danna piyano, ya sake busawa, ya yamutsa fuska.

"Pantatonik ce, mai murya biyar, mon ami, amma rami na huɗu faux ne, ba daidai yake ba. Mai hudar bai iya ba."

"Ni suna nike so, ba shari'a ba. Babu jerin da ke da irin wagga murya?"

"Babu shi cikin littahi."

To don babu a littafi sai a ce babu a duniya? Muka yi ta musu har maƙogwarona ya bushe. Na ajiye sarewar kan benci na fita sayen alli. Da na dawo, tun daga zaure na ji ƙaurin gora. Na same shi gaban murhun shayi, matarsa na gefe, ƙusa a wuta, ya faɗaɗa rami na huɗu da ita, yana murmushi.

"Na gyara maka ita. Ji sol, tsab!"

Ban taɓa zagin mutum a gaban matarsa ba sai ranar. Shi kuwa mamaki yake yi, wai alheri ya yi mini. Abin da ya fi ci mini rai, ni na ɗauko ta, ni na bar ta a hannunsa.

A gida na gwada rage ramin da ƙaro. Wata murya daban ta fito, ba ta da ba, ba ta piyano ba. Na kankare shi.

Kwana uku ina ɓuya kafin na je ruga. Na gaishe da Baffa, na miƙa masa sarewar. Ya juya ta a hannu, yatsansa ya tsaya kan ramin. Sannan ya busa. Waƙar ta fito sumul, irin wadda ake ji a rediyo. Bai kai ƙarshenta ba ya tsaya. Ya goge bakin sarewar da hannun riga, ya miƙo mini.

"Riƙe, Mushe, ka kai ma yaranka lakwal. Wagga ta yi karatu yanzu, ni ban san ta ba."