Gwaggo Gisela, Wadda Ta Hana Valdemir Tafiya Gida

Ƙarfe bakwai da rabi take ɗaure kekenta a jikin shingen cocin, ko ruwa ake yi ko ƙanƙara. Sai ta sauka ɗakin da ke ƙarƙashin ginin, ta kunna fitila, ta ɗora kofi, ta wangale taga na minti biyar don iska ta shiga. Ba ta buɗe ƙofa sai takwas ta buga. Ka ƙwanƙwasa takwas saura biyu, ta gilashi za ta dube ka, ta nuna maka agogon hannunta, ta koma kan kujera. Shekara ashirin da shida ke nan Gisela Pielka tana haka, Talata da Alhamis da Juma'a. Ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli, don gwiwoyinta sun daina yarda da matakalar.

Mu baƙin wannan gari na yankin Ruhr, Gwaggo muke ce mata. Kada in yi muku ƙarya, ba mai fara'a ba ce. Ba lauya ba ce kuma, ba ta ci albashin gwamnati ba. Sakatariya ta yi a wani kamfanin kwal har aka rufe ramin, daga nan coci ya ba ta tebur ɗaya, benci biyu da tsohuwar na'urar fakis mai aika takarda ta layin waya, aka ce ta riƙa taimaka wa baƙi da takardu. Yawancin masu zama a bencinta mutanen da aure ya kawo ne. Mata ko miji ya samu aiki a nan, ɗayan ya biyo baya, sai ya tarar da cewa shi sai hukuma ta yanke hukunci kan zamansa kafin ya ɗaga ko tsintsiya da sunan aiki. Kafin hukuncin ya fito, koriyar takarda ake ba ka mai ninki uku, takardar jira, wadda ke cewa zamanka halal ne na wata uku. Ba ka aiki da ita, kuma irin wadda ake ba mutanenmu na Brazil, in ka fita ƙasar ba ta dawo da kai.

Ni ma na goge wannan benci shekara goma sha huɗu da suka wuce. Yanzu bas nake tuƙawa, ranar Juma'a kuma ina yi mata tafinta ga waɗanda Fotugis kaɗai suke ji. Abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Valdemir Queiroz mai gasa burodi ne daga garin Caruaru na Brazil. Matarsa Joselma nas ce, an ɗauko ta aiki a gidan kula da tsofaffi, shi kuma ya biyo ta. Wata Juma'a wajen ƙarfe sha ɗaya ya shigo da faranti cike da ƙananan burodin cuku, yana dariya, wai ya zo tambayar inda ake koyon Jamusanci kyauta. Gwaggo ba ta dubi farantin ba. Duk wanda ya zauna a gabanta, ko hanyar kasuwa ya zo tambaya, abu ɗaya take fara nema.

"Yaushe ka shigo ƙasar nan? Ba ni fasfo."

Ta jawo kalanda ta hau ƙirga kwanaki da fensir, bakinta yana motsi. Da ta kai ƙarshe sai ta sake daga farko.

"Yau kwananka casa'in, ranar ƙarshe ta wa'adi. Ina takardar roƙonka?"

"Haba Gwaggo, ai wannan an wuce wurin," in ji shi, ya zaro wata takarda daga aljihu. "Ga ta. Sati uku ina danna kwamfuta kowace safiya kafin su ba ni rana. Sha bakwai ga watan gobe, ƙarfe tara da kwata."

"Sun ba ka ranar zuwa. Ka roƙi wani abu?"

"To in ba roƙo ba, gaisuwa za ta kai ni?"

Ta juyo gare ni. "Edmilson, gaya masa da yarensa, a hankali. Lambar layi ce a hannunsa. Ba wanda ya san ya nemi zama. Gobe war haka ya zama wanda ya wuce wa'adi."

Kusan dukkanmu mun yi wannan kuskure. A gida in hukuma ta ba ka rana, ka shiga hannunta ke nan, sai ka je ka kwanta da hankalinka. A nan ranar ganawa ba ta tsayar da agogo, rubutaccen roƙo ne kaɗai ke tsayar da shi. Na ga fuskar Valdemir ta sauya tun kafin in gama fassarar.

Layi uku ta buga masa, ya sa hannu, ta zura takardar a fakis. Ofishin baƙi kan tashi ƙarfe sha biyu ranar Juma'a. Sau uku layin yana cike, sai a na huɗu ta shige, sha biyu saura minti goma sha tara. Na'urar ta tofo 'yar siririyar shaida mai kwanan wata da lokaci. Da hankalinsa ya dawo, sai tsokana ta dawo.

"Gwaggo, ƙasar da ke ƙera wa duniya motoci, da wannan tsohon akwati kuke aika saƙo?"

"Akwatin nan ya riga ka sanin ofishin baƙi, Malam. Zauna, ban gama ba."

Ta ɗauki 'yar shaidar ta yi mata hoto biyu a injin kwafi. Haka take yi wa kowace, domin tawadar irin wannan takarda gogewa take yi da kanta. Ta ba shi ta ainihin da kwafi ɗaya, ɗayan ta huda ta saka a fayil.

Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo masa, wai ba a ga wani roƙo da ya shigar cikin wa'adi ba, don haka ya shirya barin ƙasa cikin kwana talatin. Joselma ta taho kai tsaye daga aiki da farin kayanta, tana kuka tana zazzage jaka. Kwafin ya ɓace a ƙaurar gida, ta ainihin kuwa ta koma fara fat kamar ba a taɓa rubutu a kanta ba. Gwaggo ta miƙe, ta sauko da fayil daga kanta ta uku, ta buɗe shafin. Washegari ta ajiye kekenta, ta hau bas da Valdemir, suka yi awa uku a bencin ofishin har aka kira su. An janye wasiƙar. Ba wanda ya ce musu a yi haƙuri.

Ke ce mai ajiye abin da kowa ya raina, Gwaggo. Ke ce kika san cewa zaman iyali guda yana iya rataya a kan 'yar takardar da ba ta kai tafin hannu ba. Mun yi ta yi miki dariya a bayan ido, muna cewa tsohuwar nan har numfashi sai ta yi masa kwafi, kuma kin sani.

Da a nan labarin ya tsaya, da na rubuta shi ina murmushi. Amma hukunci bai fito ba. An ce ana tantance takardar aurensu, daga baya aka ce sai an gama da ta aikin matar. Wata uku ya cika a sabunta takardar jira, wani wata ukun a sake. Mutumin da ya shekara ashirin a gaban tanda ya koma wanke kwanuka da leƙen akwatin wasiƙa sau biyu a rana. Ya rame. Dariyar nan tasa ta ragu har ta ƙare. Joselma kuma ga ciki, ga tsofaffi tana ɗagawa tana kwantarwa, ita kaɗai ke fita nema.

A wata na tara jini ya bugi mahaifinsa a Caruaru. Ya shigo ɗakin ba sallama, waya a hannu, ya riga ya nemo jirgi.

"Gwaggo, kwana goma kawai. In gan shi in dawo."

"Tafiya za ka iya. Dawowa ce babu. Takardar nan a filin jirgi take mutuwa, roƙonka ya mutu tare da ita. Sai ka faro daga can, shekara ko fiye. Matarka wata nawa ya rage mata?"

"Biyu."

"To ka ji."

Ba a nan ta bar shi ba, wannan ina so a sani. Ta sa aka turo takardar likita, na fassara, ta haɗa da roƙon gaggawa na a bar shi ya je ya dawo. Kwana tara tana aikawa, har ranakun da ba nata ba tana saukowa ɗakin don ta buga waya. Amsar da ta samu ita ce mai riƙe da fayil ɗin yana hutu. A rana ta tara Valdemir ya buga tebur ya faɗi wata magana, ni kuma ban fassara ba.

"Fassara mini," in ji ta. "Duka."

"Ya ce, wai ke ba ki da uba ne?"

Ta cire tabarau ta ajiye. "Ina da shi. Da ya zo mutuwa ina riƙe da hannunsa. Shi ya sa ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba, ɗana. Ka tambaye ni ko za su bar ka ka dawo, na ce a'a. In kana son wanda zai ce maka e, suna da yawa a bakin tasha."

Bai tafi ba. Tsohon ya cika bayan kwana biyu, kuma a wajenmu ba a kwana biyu da gawa. A kicin Valdemir ya zauna, ƙanwarsa tana riƙe masa waya a maƙabarta, hoton yana tsayawa yana tafiya. Joselma ta ce mini bai yi kuka ba, sai da aka gama ya tashi ya wanke kofunan da ya riga ya wanke.

Daga ranar ya daina gaishe da Gwaggo. In ya hango kekenta sai ya tsallaka titi. Ita kuwa, sati uku kafin kowace takardar jira tasa ta ƙare, sai ta aika wa Joselma kati: a kawo takarda, a kawo sa hannu. Ta shigar, ta yi kwafi, ta huda. Wata rana na kasa daurewa na ce mata, Gwaggo, abin nan bai dame ki ba?

"Ya dame ni mana. Dutse ce ni?" ta ce. "Amma gara yana nan yana jin haushina. Miƙo mini almakashi."

Abin da ke ƙona mini rai ba ofishin baƙi kaɗai ba ne, mu ne. Ranar da katin zama ya shiga aljihunmu, ranar muke manta hanyar wannan ɗaki. Ni da nake wannan surutu shekara shida na yi ban leƙa ta ba, ina wucewa da bas ta gaban cocin ina kawar da kai, don ganin shingen yana tuna mini lokacin da ba ni da ikon komai. Ɗaruruwa sun bi ta hannunta. Akwai masu shaguna, akwai likitan haƙori, akwai wanda yanzu yake gyara mana magana in mun yi kuskuren Jamusanci. A 'yar walimar sallama da aka yi mata Juma'ar da ta wuce, mu goma sha ɗaya ne, har da limamin cocin da matar da ke share wurin.

Ana tattara kofuna sai ga Valdemir a bakin ƙofa, ɗauke da jariri a ƙirji. Wata goma sha bakwai ke nan da shigowarsa ƙasar, har yau ba hukunci. Ya tako har gaban teburinta, ya ce in fassara.

"Sunansa Severino, sunan babana. Ina wurin aka haife shi, ni na fara ɗaukarsa." Ya ɗan tsaya. "Cikin su biyu, baba da yaron nan, dole ɗaya a waya zan gan shi. Na san ba ke kika tsara haka ba. Na rasa wanda zan yi wa fushi ne, Gwaggo. Su can ko fuskarsu ban sani ba, ke kaɗai kike ɗaga kai ki dube ni."

Ta ce, "Na sani." Ta miƙa yatsa, yaron ya kama.

Sai ya zaro koriyar takardar da hannu ɗaya, ta yi laushi don ninki, ya shimfiɗa a teburin.

"Wannan tara ga Maris za ta ƙare. Wa zan kawo wa?"

Ta dubi limamin cocin, ya sunkuyar da kai. Ba a samu wanda zai gaje ta ba, kuma an riga an yi maganar mayar da ɗakin ma'ajiyar kujeru.

Mun gode, Gwaggo Gisela. Mun gode da gaskiyar da kika riƙa gaya mana a lokacin da ƙarya muke roƙo, da zagin da kika sha a madadin mutanen da ba su san sunanki ba. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ki huta hutun da ba ki bari kanki ya yi ba.

Ku kuma 'yan'uwana da kuka haye, ba digiri aikin nan yake nema ba. Kalanda ce da fensir, da zuciyar da za ta iya ce wa mai kuka a'a. Limamin ya ce in an samu masu zama kafin ƙarshen wata, za a bar teburin. Na ce na ɗauki Juma'a, Gwaggo ta yarda ta koya mini a gidanta. Talata da Alhamis har yanzu ba kowa, kuma mutum arba'in da ɗaya ne a fayilolinta suke jiran hukunci. Ranar walimar nan, Valdemir ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, ya gyara wa yaron hula, ya hau matakala.