Baffa da Golan Garinmu

Jiya na shiga shagon wani tela a Kazaure in karɓi ɗinkin yara, sai warin man keken ɗinki ya bugi hancina. Nan take na ga kaina a Roni, a zauren gidanmu, inda Baffa, yayan mahaifina, yake ɗinki. Ƙafarsa na kan keke, bakinsa na kan zance ɗaya: ƙungiyar ƙwallon garinmu.

Baffa bai taɓa buga ƙwallo ba, amma babu wasan da ke wuce shi, kuma kowane ɗan wasa da hukuncinsa a wajensa. Mai lamba tara, in ji shi, akwai ƙafa babu zuciya, da an taɓa shi sai ya kwanta. 'Yan tsakiya sun cika yi wa ƙwallo ado. Ɗan bayan nan mai acaɓa kuwa shi ne ƙungiyar, mutumin da zai wuni a kan babur ya zo ya hana kowa wucewa. Zauren kan cika da masu sauraro. Abin da Baffa ya faɗa da hantsi, shi za ka ji a bakin kasuwa da la'asar.

Matsalar ita ce, kocin ƙungiyar mahaifina ne, malamin firamare, ƙanin Baffa uwa ɗaya uba ɗaya. Golan kuma ni ne.

Ina ɗan sakandare lokacin, dogo siriri. Shekarar muka yi nisa a gasar da ake yi bayan girbi, lokacin da gari ke cike da ƙanshin harawar gyaɗa. Akwai wani gola da ya girme ni yana zaune a benci, Baffa kuwa ya kafe a kansa. "Yaron gidan nan akwai hannu, ban hana ba," yakan ce, ko da ina wucewa, "amma tsoron ƙwallon sama yake. Da ba ɗan koci ba ne, da tuni an ajiye shi."

Tun tasowata Baffa da mahaifina a kwano ɗaya suke cin tuwo. Ana gab da wasanmu da 'yan Babura, suna cikin ci Baffa ya tsame hannu.

"Malam, ka ajiye yaron nan."

"Yaya, ni nake ganinsu a wajen atisaye."

"Ni kuma ina jin abin da gari ke faɗa."

"Abin da gari ke faɗa daga zauren nan ya fita, Yaya."

Ban taɓa jin Baba ya mayar wa Baffa magana ba sai ranar. Baffa ya wanke hannu ya tashi. Daga nan aka riƙa raba musu kwano. Gidan ya yi tsit, har iyayenmu mata suka koma magana ƙasa-ƙasa a madafa. Na sami Baba na roƙe shi ya cire ni. Ya dube ni ya ce, "Kai ne kocin?"

Ranar wasan, filin bayan makaranta ya cika, har kan duwatsu mutane ne. Igiya kawai ta raba mu da 'yan kallo. Baffa ya kafa kujerarsa kusa da ragata, ina jin numfashinsa a ƙeyata ko ban waiga ba. Aka yi ta fafatawa babu wanda ya ci. Dab da tashi 'yan Babura suka sami bugun kwana. Ƙwallo ta taso sama, rana ta shiga idona. Na yi kamar in fita, na tsaya, sannan na fita. Kafin in kai hannu wani ya sa mata kai, na ji ƙarar raga a bayana.

Da alƙalin wasa ya busa tashi, sai wani ya yi ihu: "Ɗan koci! Sun kashe mu!" Igiya ta faɗi. Aka fara da ɓurɓushin ƙasa, aka koma duwatsu. Baba ya rugo ya rufe ni da jikinsa, dutse ya same shi a goshi, jini ya gangaro kan rigarsa.

Sai ga Baffa a gabanmu, ya buɗe hannuwa, babbar rigarsa ta kare mu.

"Mai jifa ya fara da ni."

"Haba Baffa, ai kai ka faɗa!" in ji wani saurayi, dutse a hannunsa.

"Na faɗa, gobe ma zan faɗa. Ƙanina ne, ɗana ne. Ni baki na sa. Wa ya ce ku sa hannu?"

Ya riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayen iyayensu. Duwatsu suka fara faɗuwa ƙasa. Ya sa mu a gaba ya rako mu har gida, ko sau ɗaya bai waiga ba.

Da hannunsa ya wanke wa Baba ciwon. Ya ce a kawo tuwo, su biyu suka ci a kwano ɗaya. Da ya gama ya juyo wajena ya ce, "Amma fa ka yi jinkirin fitowa." Baba ya ce, "Gaskiya ne, Yaya."

Baffa bai daina ra'ayi ba har Allah Ya karɓi abinsa, sai dai ya daina ambaton kowa a cikin taro. In yana da magana da ɗan wasa, aikawa yake a kira shi, ya faɗa masa ido da ido. Wasu kan fito daga zauren suna share gumi.

Yanzu samarinmu a gidan kallo suke wuni, suna goyon bayan ƙungiyoyin Turai. A waya suke zagin koci, mutumin da bai san da garinmu ba balle zagin ya same shi. Ɗana ma haka yake. In ƙungiyarsa ta sha kashi na ji yana cewa a kori koci, a sayar da gola, ba na hana shi. Nakan dai tambaye shi, in an gama jifan, wa zai raka su gida.