Ƙyallen Japanawa Da Na Karanta Da Ƙarya

Lokacin da aka sallame mu daga yaƙin Bama, ni saurayi ne mai yawan cika baki. Na sauka Agege da takalmin soja, na kama aikin ɗaurin goro a bakin tashar jirgin ƙasa, ina ta tinƙaho wai ina jin Japananci. Gaskiyar magana, 'yan kalmomi ne na haddace daga wani littafin Turanci da hafsoshinmu ke riƙewa. Na taɓa jin wani Bature yana mita cewa kalmar Japanawa ɗaya sai ta ɗauki ma'ana barkatai, gwargwadon mai faɗa da wanda ake faɗa wa. Wannan na riƙe. Duk wanda ya kama ni ina tufka da warwara, sai in ce masa ai yaren haka yake.

Wata rana wata tsohuwa a layinmu, haifaffiyar Ikko, ta aika a kira ni. Ɗanta tilo ya tafi yaƙin bai dawo ba, hukuma ta ce ya ɓace, akwatinsa kawai aka kawo. A ciki akwai farin ƙyalle mai jan da'ira, an zagaye shi da rubutun Japanawa. Ta shimfiɗa shi a gabana, matar ɗan na zaune a bakin ƙofa, ta roƙe ni in karanta mata. Ko harafi ɗaya ban sani ba. Amma mutanen gida sun taru sun zuba mini ido, na ji kunyar cewa ban iya ba. Na bi rubutun da yatsa, na ce shaida ce cewa yana hannunsu da rai, kuma za su sake shi.

A ranar aka fasa sadakar da aka shirya yi masa. Matar ba ta shiga takaba ba. Da shekara huɗu ta cika, liman ya ce shari'a ta ba ta damar rabuwa da auren, ta ƙi, ta ce ai wanda ya sani ya karanta. Manema suka zo suka gaji suka tafi. Ita kuwa tsohuwa, duk sanda jirgi ya taso daga tashar Iddo ta Ikko tana bakin tasha tana leƙa taragai, in ta gama ta biyo ta wajena ta sa mini albarka. Albarkar nan ta fi zagi ƙona ni. Na rame, abinci ya daina shiga. Sau biyu ina shiga jirgin Kano don in gudu, ina saukowa kafin ya tashi.

Shekara tara ana haka, sai aka ce jirgin ruwan Japanawa ya tsaya a Apapa. Tsohuwa ta ce in raka ta da ƙyallen. Na yi ciwon ƙarya, ta zauna a ƙofar ɗakina har na fito. Muna tafe ina roƙon Allah mu tarar jirgin ya tashi, amma yana nan. Wani ma'aikacin jirgin mai jin Turanci ya karɓi ƙyallen da hannu biyu. Wani akawu Bayarabe ya riƙa mayar mata da Yarabanci, wanda ta fi ni ji, don haka ba ni da inda zan ɓuya. Ma'aikacin jirgin ya ce tutar wani sojansu ce, danginsa suka rubuta sunayensu da fatan ya dawo gida lafiya. Babu ɗanta a ciki.

 Tsohuwa ta tambaya ko mai tutar yana da uwa. Mutumin ya nuna wani suna. Ta ninke ƙyallen ta miƙa masa, ta ce a kai mata, kada ita ma ta yi ta jira. Washegari matar ɗan nata ta shiga takaba.

Na je neman gafara ina kuka. Tsohuwa ta ce nata ta yafe, amma shekarun yarinyar ba nata ba ne balle ta yafe su. Ita kuma tana fita takaba ta koma Arewa, ban san garin ba. Har yau ina cigiyarta.

Na rubuto ne don masu jin kunyar cewa ba su sani ba. In aka ɗora muku abin da ya fi ƙarfin saninku, ku faɗi gaskiya nan take, ko da za a yi muku dariya. Ni dariyar yini ɗaya na guda, wata baiwar Allah ta biya da ƙuruciyarta.